Inda Murya Take Sauka

Mutanen Holand da na arewacin Beljiyam suna da wata ɗabi'a a rubutunsu wadda ta daɗe tana ba ni mamaki: idan suka harɗa kalmomi biyu ko uku, sai su rubuta su a dunƙule, babu tazara. Aikin mai karatu ne ya gano mahaɗar, kamar mai laluben ɗinki a jikin riga.

Mu ɗauki kalmar valkuil. In an raba gaɓoɓinta val-kuil, ramin tarko ke nan. In kuwa an raba valk-uil, ta zama sunan wata mujiya, domin valk shaho ne, uil kuma mujiya. Haka massagebed: massa-gebed addu'ar taron jama'a ce, massage-bed kuwa gadon tausa. Ƙa'idarsu ita ce a fara yanka a mahaɗar kalmomin, sannan a raba gaɓoɓin kowace.

Galibi nauyin murya yana sauka a kan kalmar farko, kamar a voetbal, ƙwallon ƙafa. Amma akwai masu bijirewa: a stadhuis, ma'aikatar magajin gari, ƙarshen ake dannawa. Wani lokaci ma nauyin shi kaɗai ke raba gardama: vóórkomen na nufin aukuwa, voorkómen kuma hana aukuwa.

Hukumomi sun yi iya ƙoƙarinsu. Ƙungiyar kula da harshen, Taalunie, wadda aka kafa a 1980, ta gyara ƙa'idojin rubutu a 1995 da 2005, har aka riƙa sa karan ɗori inda wasula suka yi karo, kamar a zee-egel. Duk da haka valkuil tana nan da fuska biyu.

Abin da ya sa nake kawo wannan zance gaban malamai shi ne, mu ma muna da irin tamu. Ba mu rubuta karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa garin da ake zama cikinsa da garin tuwo suke da kama ɗaya a kan allo. A ganina, yaron da aka koya wa haɗa baƙi da wasali kawai, rabin karatu aka ba shi. Sai an sa shi ya ɗaga murya ya karanta jimla sukutum, malam yana saurare, kafin a san ko ya fahimci abin da idonsa ya gani.