Wayar Ta Yi Ta Ƙara

Wata tara muka yi muna gina manhajar, da kuɗin tallafin wata ƙungiya. Ka danna kore, a haɗa ka da masanin halayyar ɗan Adam. Ranar gwaji muka kai ta ƙauyenmu. Gwaggonmu, wadda barci ya ƙaurace wa tun daren da 'yan bindiga suka shigo, ta danna. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ƙwararrun namu biyu ne, duk suna Abuja, ɗaya ko gaisuwar Hausa bai iya ba. Asibitin Kware kuwa tafiyar yini ce.

Buhari ya sa wa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa hannu a 2023, amma Gwaggo mai saurare take nema. Da daddare muka lissafa 'ya'yan ƙauyen da kuɗin nan za su iya kai wa jami'a su koyi aikin. Ba mu sa lissafin a rahoto ba.