Rini da keratin: kuskuren da ya sa na yanke gashina

'Yan uwa mata, musamman mu da muke karatu a kudu, bari in ba ku labarin nan tun da zafinsa ya ɗan lafa, don na ga ana ta tambaya a zauren WhatsApp na hostel ɗinmu.

Duk wadda ta baro Arewa ta zo Ibadan ta san yadda damina take yi wa gashi. A gida kukanmu bushewa ne da hunturu, a nan kuwa laima ce. Ki taje kai da asuba, kafin ki fito daga lakcar ƙarfe takwas ya kumbura ƙarƙashin hijabi kamar audugar katifa. Kuma kada wata ta ce min ai ke rufe kai kike yi, me ya dame ki. Wadda take fama da mataji kullum safiya ita ta san abin da ya dame ta.

To sai ga bikin wata ƙawata 'yar ajinmu, haifaffiyar Sabo. Za a yi kamu, mata zalla, na ce wannan karon sai na fito da kaina. Na ɗauki kuɗin da ya kai na abincina na wata guda, na tafi wani shagon gyaran gashi a Agbowo aka yi min keratin ranar Lahadi. Aka wanke, aka shafa maganin, aka busar, aka bi shi da ƙarfen miƙarwa sili-sili. Idona har hawaye yake saboda yajin hayaƙin. Amma da na kalli madubi, wallahi na manta da komai. Mai shagon ta ce kwana uku kada ruwa ya taɓa shi, kada in ɗaure, ko bayan kunne kada in maƙale shi. Na ce to. Ban gaya mata ina da niyyar rini ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Matsala ta fara tun Litinin. Ina da lakca, dole in sa hula da hijabi, dole in tattara gashin in ɗaure. Da na dawo na kwance sai ga layi ya fito a tsakiya, inda robar ta kama. Talata kuma na gama fashin salla, wanka ya wajaba. Na zauna bakin gado ina kallon bokiti kusan minti goma, Allah Ya yafe min. Yo salla za a jinkirta saboda gashi? Na shiga na yi wankana, ruwa ya ratsa ko'ina, kwana biyu kacal da gyara.

Duk da haka kan bai lalace ba. Ni na ƙarasa shi da hannuna ranar Alhamis. Na sayo rini ruwan zuma, wata 'yar ɗakin kusa da mu da take yi wa mutane ta shafa min. Da muka wanke sai ɗakin ya yi tsit. Gindin gashin ya yi ja kamar manja, tsakiya ya ƙi karɓa, ƙarshen kuma wani launi da ban san sunansa ba. Santsin nan da na biya kuɗi ya tafi, gashin ya koma kamar soson wanki. 'Yar ɗakinmu Bayarabiya ta ce, “Ƙawata, ɗaura ɗankwali kawai.” Haka na yi kamu da ɗauri har goshi. Bayan sati biyu ya fara karyewa a mataji, sai da aka rage min kusan tsawon yatsa.

Da na kira Umma ina kuka, cewa ta yi, “Da man shanu da kitso me suka yi miki?” Ban da amsa.

Daga baya na samu wata dattijuwa mai gyaran kai a Mokola, ita ce ta zaunar da ni ta yi min bayani. Ta ce kowane silin gashi yana da ɓawo a bayansa jere kamar na kifi. Rinin kanti mai daɗewa aikinsa ya ɗaga ɓawon nan, launi ya shige ciki. Shi kuma keratin aikinsa ya kwantar da ɓawon, ya lulluɓe shi, zafin ƙarfe ya like. Kin ga ɗaya buɗewa yake, ɗaya rufewa. Idan kika rufe sannan kika zo da mai buɗewa bayan kwana huɗu, launin zai shiga wani wuri ya kasa shiga wani, kuma ya ɓamɓare abin da kika like. Gindin gashina ya fi ja ne don can maganin bai kai sosai ba, ga ɗumin fatar kai yana sa rini saurin ci.

Tsarin da ta ba ni shi ne rini a fara, keratin ya biyo baya. Wasu masu gyara suna haɗa su rana ɗaya, amma ta ce gashi irin namu, musamman wanda ya taɓa shan rilaksa ko aka yi masa bilicin, gara a bar shi ya huta sati ɗaya zuwa biyu ana ba shi mai. Idan kuma kin riga kin yi keratin, ki haƙura da rini sai bayan sati biyu aƙalla. Ta ƙara da wani abu da ban taɓa ji ba: zafin ƙarfen nan, da kan kai wajen digiri 230, yakan ɗan kwashe launi, don haka ki zaɓi wanda ya ɗan fi wanda kike so duhu. Kuma in kina sa lalle a kai, ki faɗa tun kafin a taɓa ki, don lalle ma lulluɓe gashi yake, yana canza yadda rini zai fito.

Hayaƙin da ya sa ni hawaye ma ba wasa ba ne. Yawancin irin waɗannan magunguna suna fitar da iskar fomaldihaid idan zafi ya taɓa su, sinadarin da ke cikin jerin masu jawo ciwon daji. Ki nemi a nuna miki kwalbar ki karanta, ki zauna kusa da taga. Mai juna biyu kuwa ni dai ba zan ba ta shawarar yi ba.

Amma abin da babu mai shagon da za ta lissafa miki shi ne namu lissafin. Ita ba ta san alwala sau biyar da shafar kai ba, ba ta san wankan tsarki ba, ba ta san ba ki fita kai a buɗe ba. Kwana ukun nan ke za ki nema musu gurbi. Akwai nau'in da ake wankewa a ranar, ki tambaya, sai dai sau da yawa ya fi tsada. In irin na kwana uku ne, ki daidaita shi da farkon fashin sallarki, ki kuma haɗa da ƙarshen mako da ba ki da lakca, ki zauna a ɗaki kai a sake. Matan aure kuma kun san naku ƙarin lissafin, ba sai na faɗa ba.

Wata biyar na bari kan ya farfaɗo, kitso kawai da man kaɗe. Da na tashi sakewa sai na buɗe kalanda. Na yi rini ranar wata Asabar, na ƙirga kwana goma sha uku, ya faɗa Juma'a da yamma, rana ta biyu da fara fashin sallata. Daga shago na wuce ɗaki da mayafi sakwa-sakwa, ban leƙa ko ƙofar hostel ba sai Litinin da yamma, lakca ɗaya ta wuce ni na karɓi littafin wata na kwafa. Shamfu mara salfet da gishiri na saya, na ɓoye shi a akwati saboda 'yan aro.

Yau sati bakwai ke nan, launin yana nan iri ɗaya daga gindi har ƙarshe. Sabon tsiro ya fara leƙowa baƙi, shi kaɗai zan taɓa idan mun gama jarrabawa.