Ranar da Na Fita da Goggo Neman Tuwo a Kano

A Kano, Asabar hutun ma'aikacin gwamnati ce kawai. Kantin Kwari a buɗe take, haka Singa da Kurmi da kasuwar Sabon Gari, kuma a ranar ce ake jera ɗaurin aure tun daga hantsi. Wanda duk ya fito neman abincin rana zai tarar da masu nema irinsa: 'yan kasuwa, da baƙin biki, da waɗanda suka shigo sari daga Damagaram da Maraɗi da Maiduguri. Tawa Asabar ɗin kuma ta faɗo a ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli da ake hana zirga-zirga har ƙarfe goma na safe, don haka masu girkin sayarwa ba su isa kasuwa da wuri ba, kowace tukunya ta makara.

Aiki ne ya kawo ni daga Kaduna, na kuma yi wa Goggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune a cikin gari, alkawarin zan fita da ita ta ci abinci a waje. Kyan alkawari cikawa, amma da na isa sai da aka yi jan aiki.

"Kai ɗan nan, gidan nan wuta ce ba a hura ba, ko tukunya ce ta fashe?" in ji ta. "Da girmana a gan ni ina cin abinci a titi?"

Ba rigimar tsufa ba ce. A Kanon da ta taso, magidanci ba ya cin abinci a kasuwa sai in matafiyi ne ko gwauro. Daga gida ake kai masa a kwano rufe da faifai. Abincin sayarwa ma daga cikin gidaje yake fitowa: mace tana ciki tana tuƙa tuwo ko dafa ɗan wake, yarinya na waje da talla a ka. Ƙwarewar girki a wannan birni ta daɗe a tsakar gida, gidan cin abinci mai kujeru da tebur kuwa baƙo ne da ya zo daga baya. Abin da nake so in gani shi ne ko akwai inda su biyun suka haɗu, wato girkin da zai gamsar da tsohuwar cikin gari, da wurin zaman da mutum zai kai uwarsa ba tare da jin kunya ba.

Da ƙyar ta yafa mayafi. Muka tari a daidaita sahu kusa da Ƙofar Mata, na ce wa direban shata muke so. Wani matashi ne mai yawan fara'a, ya ce da ni Yallaɓai, ya ce da ita Mama. Tun da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, waɗannan babura masu ƙafa uku, waɗanda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fara kawowa don ɗaukar mata, su ne ƙafar kowa a garin, kuma babu lungun da direbobinsu ba su sani ba. Na tambaye shi inda ake samun abinci mai kyau. Ya dube ni ta madubi, ya dubi shaddar da ke jikina, ya ce, "Titin Gidan Zoo za mu je, Yallaɓai." Ashe kayan jikina ya ba amsa.

Titin Gidan Zoo shi ne inda matasan Kano ke zuwa a gan su. Ga gidan namun dajin da aka kafa zamanin Audu Baƙo, ga katafaren kantin Ado Bayero da aka buɗe a 2014, ga ofisoshin 'yan fim a saman benaye, ga gidajen abinci masu ƙofar gilashi birjik. Muka shiga ɗaya. Sanyin na'ura ya tare mu tun daga ƙofa, wurin tsaf, yara sanye da kayan aiki iri ɗaya. A bayan gilashi an jera soyayyar shinkafa, da dafa-duka ja, da taliya, da cinyoyin kaji, da haɗin kabeji. Goggo ta tsaya ta ƙare musu kallo.

"'Yar nan, yaushe aka sauke wannan?" ta tambayi mai zubawa.

"Yanzun nan, Mama."

Goggo ba ta ce komai ba, ta dai nuna mini gefen farantin kajin, inda mai ya fara daskarewa. Na sayi ruwan sanyi don kada mu fita hannu rabbana, muka koma babur.

Ban raina irin waɗannan wurare ba. Suna da tsafta, akwai bayi mai ruwa, mace za ta shiga ita kaɗai ta zauna babu mai kallonta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Damuwata ita ce abincin nasu ba shi da gari. Abin da ke bayan gilashin nan shi ne ke bayan gilashi a Abuja da Fatakwal, ɗanɗanon dunƙulen magi da kori iri ɗaya, an dafa da yawa da safe ana ta ɗumamawa. Har tuwon da wasunsu ke naɗewa a leda, miyarsa a gefe take a ƙaramin kwano kamar an yi mata dole.

Daga nan muka bi ta Dangi muka nufi Nasarawa, unguwar da Turawa suka zauna, mai faɗin titi da inuwar darbejiya. A nan da Bompai ne ake samun girkin 'yan Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwara, da na 'yan Sin da na Indiyawa. Kwara sun yi fiye da shekara ɗari a garin, sun yi cinikin gyaɗa da yadi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, har akwai titin da ke ɗauke da sunan Beirut, wanda yanzu wayoyin hannu suka mamaye. Gasasshen namansu da burodinsu mai faɗi ba su da makusa, kuma Bakano bai ɗauke su baƙin abu ba, tunda gurasar da ake toyawa a tanderu a cikin gari ita ma daga Larabawa aka gaje ta. Sai dai wuraren nan na dare ne. Da rana tsaka mun tarar da kujeru babu kowa, mai hidima ya kawo takardar jerin abinci ya ce duk abin da muka zaɓa sai mun jira. Na karanta wa Goggo sunayen, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To ina abincin?" Da na faɗa mata kuɗin faranti ɗaya kuwa sai ta yi salati ta miƙe.

Sabon Gari ta gefensa muka wuce. Unguwar da aka yanka wa baƙi 'yan Kudu wajen 1913 ita ce gidan sakwara da miyar agushi da amala da farfesun kifi, kuma wanda ya san lungunanta ba zai kwana da yunwa ba. Amma wasu wuraren ana sayar da giya a gefe, ban ma kawo wa Goggo maganar ba.

An kira azahar muna kusa da Kantin Kwari. Bayan mun idar, ita a wani gida da ta roƙi ruwan alwala, sai na sake wa direban tambaya. Ban ce masa ina ne mai kyau ba, na ce, "Kai ina kake ci?"

Ya yi dariya. "Ai Yallaɓai wurinmu ba na manya ba ne."

Ya kai mu mu gani. Wata rumfa ce a bayan kasuwa, manyan tukwane a kan murhu, bencina biyu dogaye, maza a cunkushe kafaɗa da kafaɗa, wasu a tsaye da faranti a hannu. Garau-garau ake zubawa, shinkafa da wake da mai da yaji, a yayyanka latas da tumatir da albasa, mai hali ya ɗora soyayyen kifi. Ƙamshin man ƙuli ya ishe mu tun daga bakin lungu. Yaran shago suna ta fita da kuloli zuwa wurin iyayen gidansu. Tukunya ba ta jimawa ake sauke wata, don haka babu abin da ke kwana. Goggo ta leƙa daga cikin babur ta ce, "Wannan kam abinci ne." Sai dai babu mace ko ɗaya a zaune, babu ma inda za ta zauna. A nan matsalar garin take: inda ake girki babu mazauni, inda ake da mazauni kuma girkin ya yi rauni.

Wani dattijo mai sayar da yadi, da ya ga muna shawara, shi ya raba gardama. "Alhaji, in da iyali kake, ku shiga Fagge," ya ce, ya kwatanta wa direban lungu, ya ƙara da cewa mu yi sauri.

Fagge ta dace da wannan aiki. Tun kafin zuwan Turawa, a nan bayan ganuwa ayarin Buzaye ke sauke gishiri su yada zango, kuma unguwar da ta saba da fatake ta saba da ciyar da wanda ba shi da murhu a gari. Har yau masaukan baƙin kasuwa sun yi yawa a cikinta, ga abbatuwa kusa, nama bai yin nisa kafin ya shiga tukunya. Gidan da aka kwatanta mana babu allo a ƙofarsa. Alamarsa takalma ne a bakin zaure da wata yarinya mai buta da sabulu. An fasa shago a gaba an sa tebura don maza, ta cikin soro kuma akwai ɗaki da labule, an shimfiɗa darduma da tabarmi, fanka na juyawa, mata uku da yaransu suna ci. Goggo ta cire takalmi ta shige ba tare da ta tambaye ni ba. Aka ba ni izini na zauna daga bakin ƙofa.

Mai gidan, wata Hajiya mai jiki da zane ɗaure a ƙirji da ludayi a hannu, ta zo da kanta ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Iya. Akwai tuwon shinkafa, akwai na masara, akwai waina. Miya akwai taushe, da kuka, da kuɓewa ɗanya. Alkubus ya ƙare."

"Taushen da me kika yi?"

"Kabewa da alayyafo da yakuwa kaɗan, da gyaɗa. Ƙashin sa ne a ciki, da tantaƙwashi."

"Daddawa fa?"

"Ta kalwa, Iya. Daga ƙauye ake kawo mini."

"To zubo."

Aka kawo malmala biyu-biyu a kwanon samira, miya a wani, man shanu a ɗan ƙaramin kofi, yajin daddawa a gefe. Tuwon ya tuƙu, babu gudaji, yana da danƙon da ba ya manne wa hannu. Miyar ta yi kauri da kabewa ba da gari ba, tsamin yakuwar bai fi ƙarfin gyaɗar ba, kuma akwai ɗan ƙamshin hayaƙin ice da ba a samu a girkin gas. Naman ya dahu har yana sakin ƙashi. Goggo ta yi loma uku ba ta ce uffan ba, sannan ta ɗago ta ce gishiri ya ɗan so ya yi yawa. A bakinta wannan yabo ne, domin abin da bai yi mata ba ba ta ɓata yawu a kansa.

Na ja Hajiyar da hira tana zuba wa wasu. Shinkafar tuwonta 'yar gida ce, ta yankin Kura da Kadawa da ake nomawa da ruwan madatsar Tiga, ta ce 'yar waje ba ta yin tuwo, warwarewa take yi. Kayan miya daga 'Yan Kaba, masara da gero daga Dawanau. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dakon kaya ya kusa cinye ribar, ta ajiye gas ta koma ice da gawayi gaba ɗaya. Da yawa masu sana'ar sun rage girman malmala ko sun tsinka miya. Ita ta zaɓi ta ƙara kuɗi ta bar hannunta yadda yake, tunda masu cin nata mutanen kullum ne, ranar da miya ta canja a ranar za su faɗa mata a gaban kowa. Shi ya sa ba ta dafa fiye da abin da za a cinye kafin la'asar, ba ta kuma karɓar aikin biki ranar Asabar, duk da an fi samun kuɗi a can.

Muka rufe da zoɓo mai citta da kanumfari. Na biya ta tiransfa, yaron da ke karɓar kuɗi ya jira har saƙo ya shigo wayarsa, abin da ya zama ruwan dare tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Jimillar abincinmu mu uku, har da direban da ya ci nasa a shagon gaba, ba ta kai kuɗin faranti ɗaya na Nasarawa ba.

Muna sa takalmi wasu 'yan kasuwa huɗu suka shigo suna goge gumi, ɗaya na cewa a zubo taushe. Yarinyar mai buta ta ce taushe ta ƙare, tuwon shinkafa ma saura malmala ɗaya, sai dai na masara da miyar kuka. Suka tsaya suna gardamar wanda ya ɓata musu lokaci a banki, mu kuma muka kama hanyar Ƙofar Mata kafin cunkoson tashin kasuwa.