Zuwa Mai Yara Kan Maganar Kaki

Kaka ta kusa ƙarewa lokacin da kiran Yaya ya same ni a Maraɗi. Ba mai yawan kira ba ce, saboda haka da na ga lambarta na san da magana. Bayan mun gaisa ta ce, "Ka zo ka ji ta bakin yaron nan. Ni na gaji, ubansa ma ya zuba masa ido." Ba ta ambaci sunansa ba, domin ɗan fari ne. Amma na san wanda take nufi, na kuma san maganar kaki ce.

Yaron ya karanci aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi har ya sami lisans. Tun yana ƙaramin ɗan lakwal burinsa ɗaya ne, ya zama hafsan soja. Ya nemi shiga makarantar horar da hafsoshi da ke Tondibiya kusa da Yamai, wadda aka fi sani da EFOFAN, Allah bai yi ba. Ya sake nema, bai dace ba. Sai ya koma ƙauye ya kama gudu safe da yamma, ya ƙi neman aiki, ya ƙi a yi masa zancen aure. Shekaru kuwa ba sa jira, kuma shiga irin wannan makaranta tana da iyakar shekaru.

Da sassafe na isa tasha na shiga motar Dakoro. Sai da ta cika maƙil da mutane da buhuna muka ɗaga. Garin farko mai suna a hanya shi ne Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, wanda Gobirawa suka kafa a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Duk yaron da ya tashi a wannan ƙasa ya tashi da labarin mazan jiya a kunnensa, don haka ban taɓa mamakin son kakin ɗan yayata ba. Daga Tibiri hanya ta miƙe arewa, kwalta mai tsawon fiye da kilomita 100 har Dakoro. Dama da hagu an gama yankan gero, amalanke na ta jigilar dammuna zuwa rumbuna, itatuwan gawo sun fara fid da ganye kamar yadda suka saba idan ruwa ya ɗauke. Garkunan Fulani da na Buzaye sun soma gangarowa daga wajen kwarin Tarka suna jiran a saki gonaki.

A shingen jandarmomi aka sauke mu aka duba katin kowa. Wanda ya karɓi nawa ba zai girmi ɗan yayata ba, leɓɓansa duk sun bushe saboda iska, bindiga rataye a ƙirji. Mu mutanen jihar Maraɗi mun daina kallon kaki a matsayin ado. Tun 2019 'yan bindiga suke ƙetaro iyaka suna satar shanu da mutane a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka kwararo, har aka kafa rundunar Farautar Bushiya domin tsaron wannan yanki. Wanda ya ce yana son soja yau ya san abin da yake nema.

A Sabon Maci na sauka na hau kabu-kabu, muka bar kwalta muka faɗa rairayi. Ƙasar Gulbin Kaba ce, goruba ko'ina, mata na tafe da ƙunshin kaba a ka don saƙar tabarma da igiya. Inda rairayin ya yi zurfi sai in sauka in taka da ƙafa, mai babur ya tura. Rana ta karkata muka shiga Mai Yara. Aka tarbe ni da fura mai sanyi, aka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina mutanen Maraɗi, yaya aka ji da kaka. Ba wanda ya taɓo abin da ya kawo ni, sai bayan sallar isha'i da yaron ya kawo tabarma ya durƙusa gefe.

Na ce masa ya ba ni labari tun daga farko. Ya ce, "Kawu, ku gafarce ni, ni ban ɗora wa kowa laifi ba. Karon farko zazzaɓin sauro ya kwantar da ni gab da gwajin gudu, na fita fili ƙafafuna na rawa. Karo na biyu gudu da motsa jiki duk na wuce, a rubutu aka bar ni. Faransancina na dogon sharhi bai kai ba." Na tambaye shi abin da yake yi tun da ya dawo. Ya ce kullum yana gudu har ƙauyen gaba ya dawo, yana ɗaga ƙarfe, yana tsallen igiya. Na ce, littafi fa? Jarida fa? Ya taɓa zama ya rubuta shafi biyu ya ba wani malami ya gyara masa? Ya sunkuyar da kai. A nan na gane ciwon. Yana ta maimaita noma a gonar da ya riga ya nome, ya bar wadda ciyawa ta cinye. Gudu yana ba shi daɗin cewa yana shiri, rubutu kuwa yana tuna masa ranar da ya faɗi, sai ya guje shi.

Kafin mu tashi ya ƙara wata magana da murya ƙasa-ƙasa. "Kawu, Inna ba ta taɓa ce mini kada in tafi ba. Amma ba ta taɓa ce mini Allah ya ba da sa'a ba. Ina jin abin nan a raina duk lokacin da na zauna jarrabawa."

Washegari na sami Yaya a madafa tana tankaɗe. Na faɗa mata abin da ya ce. Ta daɗe ba ta tanka ba, sannan ta ce, "Kai ma kana da rediyo. Ka ji Inates, ka ji Shinagodar. Da wane bakin zan ce ya tafi?" Ba ta faɗi ƙarya ba. Ranar 10 ga Disamba 2019 an kashe sojoji 71 a barikin Inates, wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a Shinagodar, duka a jihar Tilaberi kusa da iyakar Mali. Waɗannan 'ya'yan mutane ne, da yawansu daga ƙauyuka irin wannan. Ban ce mata tsoronta ba shi da tushe ba. Na dai ce mata shirunta bai hana shi nema ba, ya dai sa yana nema da rabin zuciya, kuma zaman da yake yi yanzu, ba soja ba, ba manomi ba, ba ma'aikaci ba, shi ma wata asara ce da take ci a hankali.

Mijin Yaya ne ya ba da shawara mu je wurin wani tsohon soja a wani ƙauye da ke kusa, ajidan ne da ya yi ritaya bayan ya daɗe a barikokin arewa, wajen Agadas da Dirku. Muka ɗaura wa jaki amalanke muka tafi da hantsi. Muka same shi gindin bedi yana gyaran igiyar rijiya. Ya saurari yaron har ya gama, bai katse shi ba. Sannan ya ce, "Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. Kaki kake so ko galo?"

Yaron ya ce bai gane ba, Baba. Tsohon ya ce, "In galo kake so a kafaɗa, mutane su sara maka, ka shigo gari da mota, to ƙofarka ɗaya ce, in ta rufe ka gama. In aikin kake so, ƙofofi suna da yawa. Akwai makarantar ƙananan hafsoshi a Agadas. Akwai shiga a matsayin ƙaramin soja. Daga cikin bariki ma ana zama jarrabawar hafsa, na ga waɗanda na koya wa riƙon bindiga sun dawo ina sara musu."

Tarihin sojan Nijar ya gaskata shi. Seyni Kunce, wanda aka haifa a Fandu a 1931, ya yi shekaru a sojan Faransa yana ƙaramin soja, ya kai saje a 1957, sai daga baya ya shiga makarantar hafsoshi ta Fréjus a Faransa, kuma a 1973 ya zama babban hafsan hafsoshin ƙasa. Salu Jibo ya shiga soja a 1987 ba shi da ko igiya ɗaya, sai bayan shekaru ya tafi makarantar hafsoshi ta Buwake a Kodebuwa. Sunayen nan biyu mun san su ne saboda sun riƙe mulki, ɗaya daga 1974, ɗaya daga 2010, amma abin da nake so yaro ya duba a nan shi ne matakalar da suka taka, daga ƙasa, da haƙuri. Akwai ɗaruruwa da suka bi wannan matakala suka yi aikinsu suka yi ritaya ba tare da rediyo ya taɓa kiran sunansu ba, kuma su ne ƙashin bayan rundunar tun da aka kafa ta a 1961.

Da aka zo kan rubutu tsohon ya ɗaga murya. "Kana tsammani don wasa ake gwada ku da alƙalami? Laftanan a daji shi ke lissafin ruwan da mutum talatin za su sha, da man mota, da harsashi. Shi ke karanta taswira. Shi ke rubuta rahoton da za a dogara da shi a aiko ɗauki ko a ƙi aikowa. In yaronsa ya faɗi, shi ke neman kalmar da za a gaya wa iyaye. Ƙafa kowa na da ita a bariki. Kai ake nema wurin hafsa." Ya dubi yaron ya ƙara da cewa, "Ba a fafe gora ranar tafiya. In za ka koma, ka koma da abin da ba ka je da shi ba a da. In kuwa yadda ka je jiya za ka koma gobe, ka huta, ka hutar da uwarka."

A hanyar komawa na ƙara masa nawa. Ƙasa tana bukatar hafsoshi, wannan ba shakka, tun 2020 gwamnati ta bayyana niyyar ninka yawan sojoji daga 25,000 zuwa 50,000, kuma runduna ba ta girma sai da masu jagorantarta. Amma bautar ƙasa ba ta tsaya a bariki ba. Shi da ya karanci gona da muhalli, ma'aikatan gandun daji ma kaki suke sawa, ana lissafa su cikin jami'an tsaro. A arewacin Dakoro akwai gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018, kuma mutane ne ke tsaronsa dare da rana. Manoman Mai Yara kansu suna bukatar mai ilmin iri da taki da ajiyar wake. Lisans ɗin da aka sayar da awaki aka biya masa bai kamata ya ruɓe a cikin akwati ba.

Daren nan muka zauna mu huɗu, da shi da iyayensa da ni. Shi ya fara magana, ya ce ya auna zuciyarsa ya ga aikin yake so, kuma yana roƙon a bar shi ya sake gwadawa sau ɗaya. Muka amince bisa sharuɗɗa. Zai biyo ni Maraɗi ya zauna a gidana. Zai nemi koyarwa ko da ta kwantiragi ce, ya ci guminsa. Kullum zai karanta, ya rubuta, a gyara masa. Zai je likita a duba lafiyarsa tun da wuri, ya kwana cikin gidan sauro, ya haɗa takardunsa, ta haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da ta kotu, kafin a buɗe rajista. Idan an dace, alhamdu lillahi. Idan ba a dace ba, ba za a sake zaman jira ba, zai zaɓi Agadas ko gandun daji ko gona, ya kama da hannu biyu.

Ubansa ya ce ya yarda. Sai kowa ya yi shiru ana jiran Yaya. Ta gyara lulluɓinta, ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Rai na hannun Allah, ko a ɗaki ko a daji. Ka je. Allah ya ba da sa'a, Allah ya tsare." Yaron ya matsa ya durƙusa gabanta, ta ɗora masa hannu a ka.

Na komo Maraɗi ta hanyar da na bi, shi kuma ya biyo ni bayan an gama shigar da gero rumbu.

Irin wannan yaro ba a Mai Yara kaɗai yake ba. Suna nan a Tasawa da Mayahi da Damagaram, suna nan a Kano da Zariya suna jiran makarantar hafsoshi ta Kaduna shekara bayan shekara. Gare su nake kira. Wanda ya faɗi jarrabawa ya fara gano ainihin inda ya faɗi, ya gyara nan ɗin, ba inda ya fi masa sauƙi ba. Ya sa wa nemansa iyaka tun kafin shekaru su sa masa. Ya riƙe sana'a a hannu yayin da yake jira. Ya tambayi tsofaffin sojojin garinsu, domin sun san ƙofofin da ba a gani daga waje. Iyaye kuma ku buɗe baki ku faɗa wa 'ya'yanku abin da ke ranku, ko amincewa ko hani, kada ku bar su suna hasashe. Allah ya jiƙan sojojinmu da suka kwanta dama, ya tsare waɗanda ke bakin daga, ya zaɓa wa matasanmu abin da ya fi alheri.