Digirina da Farashin Masara

A shekarun baya na buɗe wani zauren WhatsApp da ake biyan kuɗin shiga duk wata, don koyar da dabarun rubuta kundin bincike. Na ɗauka digirin digirgir da nake taƙama da shi zai jawo jama'a. Mutum bakwai suka shiga, uku suka biya, a wata na biyu kowa ya sulale.

A daidai lokacin ne ƙanena, wanda bai wuce sakandare ba, ya buɗe nasa a Faskari. Ba ya aika komai sai farashin buhun masara a Dandume, da na dabbobi a kasuwar Sheme, da labarin lafiyar hanya. Manoma da fatake daga Ƙanƙara da Sabuwa suka riƙa biya ba sai an tuna musu ba. Dalili a fili yake: wanda matsalar tsaro ta sa yake jinjina kowace tafiya, ba ya so ya lodo hatsi ya tarar kasuwa ta faɗi.

Da aka katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi a watan Satumba na 2021, zauren ya tsaya cak. Layi na dawowa, mutanensa suka nemo shi da kansu.

Na zaɓi abin da nake sha'awar koyarwa, shi kuwa ya zaɓi abin da rashin saninsa ke jawo wa mutane asara. Duk mai shirin wannan sana'a, ya fara zama a tasha da bakin kasuwa, ya saurari tambayar da ake maimaitawa kowane mako.