Tukuɗi, Kantu da Digirin Dokta: Abin da Na Gano a Agadas

Duk wanda zai je Agadas daga Zariya a mota, to ya shirya wa zama. A bi ta Kano, a wuce Daura, a ƙetare iyaka, a kwana a Damagaram, sannan a miƙi hanyar arewa mai tsawon sama da kilomita 400. Da an bar Tanut gonakin gero ke fara ja da baya, sai ƙaya da rairayi da garken raƙuma, ga shingayen jami'an tsaro inda kowa zai sauko da takardarsa a hannu. Ɗaurin auren wani tsohon ɗalibina ne ya kai ni. Ɗan garin ne, a wurinmu ya yi digirinsa na farko da na biyu a kimiyyar sinadarai, ya koma gida yana koyarwa a wata sakandare.

Bayan an watse daga biki, muna zaune ana zagayen shayi, sai ya miƙo mini wayarsa. "Malam, irin wannan karatun nake so. A ina zan same shi?"

Tallar wani shirin digirin dokta ce ta Jami'ar Birmingham da ke Ingila, a fannin injiniyancin haɗi. Masu wannan fanni ba ƙirƙiro sabon sinadari suke yi ba. Aikinsu shi ne su sa abubuwan da aka riga aka sani su zauna lafiya da juna har su zama kayan da za a saya: yadda mai da ruwa za su haɗu a man shafawa ba tare da sun rabu a cikin kwalba ba, yadda garin sabulun wanki ba zai dunƙule ba in damina ta yi, yadda fenti zai kama bango, yadda ƙwayar magani za ta narke a daidai lokacin da ake so. Shekara huɗu ake yi. Mafi yawan lokacin ɗalibi a ɗakin gwajin kamfani yake ƙarewa, kamfanoni irin su Unilever da Procter & Gamble, kuma matsalar da zai yi bincike a kanta kamfanin ne ke kawo ta. Masu duba shi biyu ne, ɗaya malamin jami'a, ɗaya ma'aikacin kamfani, kuɗin kuma gwamnati da kamfani ke haɗawa. Faransa, wadda 'yan Nijar suka fi sanin tsarinta, tana da nata tun 1981, ana ce masa CIFRE: kamfani ya ɗauki ɗalibi aiki na shekara uku da albashi, gwamnati ta tallafa wa kamfanin, jami'a ta ba da digiri.

Na ce masa irin wannan shiri ba daga sama yake faɗowa ba. Masana'antar cakulan ta Cadbury tana unguwar Bournville, kusa da jami'ar, tun 1879. Inda akwai masana'anta, ita ce ke zuwa ta ƙwanƙwasa ƙofar malamai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ke nan mu sai dai mu tafi can." A daren ban ba shi amsa ba. Sauran kwanakin da na yi a garin ne suka ba ni abin faɗa.

Washegari na tarar da gwaggon amarya a tsakar gida tana haɗa wa baƙi masu komawa tukuɗi. Gero ne da aka surfe aka wanke aka shanya, da dabino da aka cire wa ƙwallo, da cuku busasshe, wanda in ka karya shi sai ya yi ƙara. Kowanne daban ta fara dakawa, sannan ta haɗe su a turmi ɗaya, tana yi tana dumbuzar kaɗan ta matse a tafin hannu ta buɗe ta duba. In ya wargaje ta ƙara dabino, in ya manne mata a hannu ta ƙara gari. Turmi biyu ta yi, na lura na biyun ya fi bushewa.

"Hajiya, wannan me ya bambanta shi da wancan?"

"Wancan na yau ne, Malam. Wannan na masu nisa ne. In ka bar masa danshi ko kaɗan, kafin su kai Damagaram ya juya."

"Dabinon fa, mudu nawa kike sa wa mudun gero?"

Ta yi dariya. "Ai dabino ba ɗaya ba ne. Na Ingal daban, na Bilma daban. Hannu ne ke gaya mini."

Abin da hannun nan ya sani, mu a aji muna kwashe zango guda muna koyar da shi. Ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa sai da ruwan da yake sake a cikin abinci. An busar da cuku, sukarin dabino kuma ya kame ɗan ruwan da ya rage, shi ya sa ayari ke ratsa Tenere da guzurin nan bai lalace ba. A kan wannan dabarar dai aka gina Plumpy'Nut, abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa. Wani likita Bafaranshe mai bincike, André Briend, da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset ne suka haɗa shi a 1996: gyaɗa, garin madara, sukari, mai, da sinadaran gina jiki, ba ɗigon ruwa a ciki. Leda ɗaya mai giram 92 tana ba da kalori 500, ba a dafawa, ba a sa wa a firji. A yunwar 2005 ne duniya ta ga amfaninsa, kuma a Nijar ta gani, musamman a jihar Maraɗi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara a gidajen iyayensu maimakon a gadon asibiti. Tun daga lokacin kamfanin STA ke yin sa a Yamai. Mai bincike ɗaya da kamfani ɗaya ke nan suka zauna a kan matsala ɗaya. Gwaggon amarya tana da haɗin, abin da ba ta da shi shi ne wanda zai auna, ya rubuta, ya gwada wata nawa zai yi a leda cikin zafin watan Mayu, ya ga ko za a iya ƙara masa sinadarin ƙarfe don mata masu ciki ba tare da ɗanɗanonsa ya sauya ba.

A kasuwar dabbobi na ga kantun gishirin Bilma a jere. Daga can zuwa Agadas kusan kilomita 600 ne ta Fashi, kuma dole kantu ya jure sauke da ɗora a bayan raƙumi har ƙarshen tafiya, saboda haka ba gishiri zalla ake zubawa a mazubi ba, cakuɗa iri-iri ake yi a kwaɓa yadda in ya bushe zai yi tauri. Na Tagidda kuwa, yamma da nan, ƙasa mai gishiri ake jiƙawa da ruwan zartsi, a tace a ƙananan ramuka, rana ta ƙone ruwan, shi ya sa yake fitowa ja-ja. Gishirin gargajiya ba a sa masa aidin, sinadarin da ke hana maƙoƙo. Yadda za a sa shi a irin wannan gishiri mai gauraye, ya kuma zauna bai tashi ba a zafin hamada, bincike ne da ya isa a ba mutum digirin dokta a kansa.

Masallacin Juma'a shi ne abin da kowane baƙo ke fara ɗauka hoto, da hasumiyarsa ta laka mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16 aka sake ɗaga ta a 1844. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya. Ni yaɓen na tsaya kallo. Itatuwan da suka tsattsago daga jikin hasumiyar su ne matakan magina in za a sabunta shi, kuma rayuwar ginin duka a kan kwaɓin yaɓen nan take. Mu a ƙasar Hausa magina na da makuba, daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ruwa ya bi ta kansa ya wuce. Yau magina nawa suka rage da za su iya haɗa laso? A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin fadar Zazzau, ginin Babban Gwani, ya rufta wa masallata ana sallar La'asar. A watan Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram. Ruwan da ake yi yanzu yana zuwa da ƙarfi, masu gyara kuma sun koma shafa siminti a kan laka, wanda ke tsare danshi a ciki har bango ya ruɓe. Ga tokar kwal tana taruwa a Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR ke ƙona kwal yana ba Agadas da Arlit wuta tun farkon shekarun 1980, kuma a ƙasashe da dama irin wannan toka ana sa ta a kayan gini. Ko za ta yi da lakar Agadas, sai an gwada.

Babbar masana'antar yankin dai yuraniyom ce. Wani dattijo da muka zauna tabarma ɗaya a wurin biki, wanda ya yi ritaya daga Arlit, ya kwatanta mini aikin tiryan-tiryan: a niƙe dutse, a jiƙa shi da ruwan asid, a tsamo yuraniyom da wani ruwan mai, a sa shi ya kwanta ya zama gari rawaya, a ɗura a durom. An yi shekara da shekaru durom ɗin na bin hanyar Kwatano zuwa Faransa, inda ake ƙarasa tacewa. Mahaƙar SOMAÏR ta fara fitar da kaya a 1971, ta COMINAK kuma a 1978, wadda aka rufe a ƙarshen watan Maris na 2021 bayan ta haƙo kimanin tan 75,000, ta bar tulin dusar dutse mai tururin guba da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Ba a ce ba a horar da 'yan ƙasa ba. Akwai makarantar ma'adinai ta EMAIR a nan cikin Agadas, akwai EMIG a Yamai, kuma sun yaye ma'aikata da injiniyoyi masu yawa. Amma iya tafiyar da injin daban, iya sauya haɗin da ke cikinsa daban, na biyun kuwa sai da bincike. Yankin da aka shekara arba'in da wani abu ana sarrafa sinadarai a cikinsa bai sami jami'a ba sai 2014, lokacin da aka kafa ta Agadas tare da na Difa da Doso da Tilaberi.

A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakin ƙasa. Ko me mutum ke gani game da siyasar abin, yanzu mai masana'anta da mai jami'a mutum ɗaya ne. Ba sai an roƙi kowa a Faris ba kafin a ce wa kamfani ya ajiye wa ɗaliban dokta kujera a ɗakin gwajinsa, ya ba su matsala ta gaske, ya biya su. Nijar ma ta taɓa yin makamancin haka. Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar ONERSOL, inda bincike kan hasken rana bai tsaya a takarda ba, har na'urorin dumama ruwa aka riƙa ƙerawa.

Kada ɗan Nijeriya ya karanta wannan ya ɗaga hanci. Kundayen digirin dokta nawa ne ke shan ƙura a kantocin jami'o'inmu, an auna sinadaran ganye kaza da saiwa kaza, ba mai sabulu ko majemi ɗaya da ya san an yi? Ɗalibi shi ke sayen sinadaran gwaji da kuɗin aljihunsa, ya zaɓi batun da ya fi araha. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Akwai wahala, ba a ɓoye ta. Ƙungiyar mata masu cuku ba ta da kuɗin ɗaukar ɗalibi shekara uku. Kuma in aka auna haɗin Hajiya aka gyara shi aka sa a leda, na wane ne? Ko Plumpy'Nut sai da takardar mallakar fasaharsa ta jawo ce-ce-ku-ce tsakanin kamfanin da ƙungiyoyin agaji. Wannan magana a rubuce ya kamata a yanke ta tun kafin a fara, da sunan masu sana'ar a ciki, in ba haka ba za su rufe baki, kuma suna da gaskiya.

Da zan taho na gaya wa angon ra'ayina. In ya sami Birmingham ya tafi, ba laifi, amma ya sani matsalar sabulun wani zai je ya warware. In kuwa ya tsaya, zai iya yin rajista a Yamai ko Maraɗi ko Zariya, ya yi aikin a Agadas, a kan cuku da tukuɗi. Kayan farawa ba su fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya ba: sikeli mai kyau, tanda ta busarwa, na'urar auna danshi, injin liƙe leda, da abin da zai riƙe gida da shi.

Saboda haka kirana ga attajiran Agadas da Maraɗi da Kano ne, masu odar madara da sabulu da fenti tirela-tirela daga waje. Kowannenku ya san kayan da ke lalace masa a sito in zafi ya yi. Ku ɗauki matsalar ku kai wa jami'ar da ke kusa da ku, ku ce a ba ku ɗalibi ɗaya, ku ɗauki nauyinsa shekara uku, ku sa hannu a takarda.