Lokacin da Baƙin Mai Yake Bin Yanayi

Kafin shekarun 1950, mai mota a Turai da Amurka yakan yi juyen baƙin mai saboda yanayi kawai, ko da man bai gaji ba: mai kauri da bazara, tsinkakke idan sanyi ya kawo jiki. Wanda ya yi sake hunturu ya same shi da man bazara, da safe zai murɗa makulli, inji ya yi nishi sau biyu ya yi tsit. A hunturun 1941, a kusa da Mosko, sojojin Jamus har wuta suka riƙa hurawa a ƙarƙashin tankoki da manyan motoci kafin su tashi.

Matsaloli biyu ne, kuma mutane kan haɗa su. Na farko, kowane mai yakan tsinke da zafi, ya yi kauri da sanyi. A 1929 Dean da Davis na kamfanin Standard Oil suka fito da ma'aunin wannan hali: man Fensilbaniya, wanda zafi bai cika sauya shi ba, suka ba shi 100, na gaɓar Tekun Meziko kuwa 0. Na biyu shi ne kakin da ke cikin man tun daga rijiya. Idan sanyi ya tsananta sai ya fito ƙanana-ƙanana, su sarƙe da juna, man ya sandare kamar manja a kwalba da safiyar hunturu, famfon mai ya yi ta juyawa bai jawo komai ba.

Kakin aka fara yi wa magani. A farkon shekarun 1930 aka fito da Paraflow, wanda ɗan kaɗan ake zubawa. Ba ya cire kakin, sai dai ya manne wa ƙwayoyinsa suna cikin girma, ya hana su sarƙewa, man ya ci gaba da gudana.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta kaurin. Masana suka ɗauki tsinkakken mai, wanda ba ya gardama da sanyi, suka narka dogayen ƙwayoyin folima a ciki, irin foliisobutilin da folimetakirilet na kamfanin Rohm and Haas. Ƙwayar folimetakirilet takan dunƙule idan man ya yi sanyi, ba ta tare hanya. Da inji ya ɗau zafi sai ta warware, ta riƙe man. Man dai yana tsinkewa, amma a hankali. Daga nan aka samu gwangwani mai lamba biyu, kamar 10W-30: ta farko halinsa a sanyi, ta biyu kaurinsa a digiri 100.

Abin bai zo kyauta ba. Dogon zaren folima yana tsinkewa a tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Motar Mini ta Ingila, da ta fito a 1959, injinta da giyarta mai ɗaya suke sha, haƙoran giya suna yayyanka folimar, shi ya sa masu ita suka riƙe 20W-50 gam.

A garejojinmu har yau za ka ga bakanike ya ɗiga mai a yatsa, ya murza, ya ce wannan yana da jiki. Ina girmama hannun da ya daɗe a sana'a, amma yatsa kaurin mai a inuwa yake aunawa, alhali aikin folima sai inji ya gasu a hanyar Kano zuwa Maiduguri yake bayyana.